Mastura Mai Lalle da Karafan ɗin Malam Na'ibi

Duk matar da ta taɓa shiga mashgal ɗin nan na bayan babban kanti a unguwar Safa, wato shagon kwalliyar mata, ta san Mastura. Ita ce doguwar nan mai zama a kusurwa da kwanon lallenta, wadda ba ta dariya sai abin ya kai a yi. Amare na rububinta tun watanni kafin biki, don za ta ja zane tun daga kan yatsa har gwiwar hannu ba gargada, ko da amaryar na ta mutsu-mutsu tana faɗa da ango a jawwal, kamar yadda mutanen Jidda ke kiran wayar hannu. Abokan aikinta kuwa da wani abin suka fi saninta. In na'urar busar da gashi ta mutu, ko soket ya fara ƙauri, ba a neman kowa a waje. Mastura za ta goge hannu, ta buɗe jaka, ta zaro sukundireba daga aljihun da sauran mata ke ajiye jambaki.

A unguwar Hindawiyya, nan cikin Jidda, aka haife ta, yau shekara arba'in da ɗaya. Mahaifinta, Malam Na'ibi, mutumin Kazaure ne da ya zo aikin hajji da ƙuruciyarsa, ya duba hanyar komawa ya ga ta yi masa nisa, ya zauna. Ya yi dako, ya yi wankin mota, daga baya Allah ya haɗa shi da wani ɗan Yaman mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wadda in babu ita Jidda ba ta zaunuwa rabin shekara. A hannun mutumin ya koyi sana'a, a hannunsa kuma ya samu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Shekara talatin da biyar Malam Na'ibi ya yi yana goya mukayyif yana hawa benayen mutane da shi. Ya kai ga in ya tsaya a ƙofar gida ya kasa kunne, zai gaya maka ciwon na'urarka tun kafin ka buɗe baki. Yana da taurin kai irin na mutanen da suka saba a kira su don sun fi kowa sani.

Burinsa ɗansa Nuraddeen ya gaje shi. Nuraddeen kuwa ko warin mai ba ya so. Ya yi karatunsa, ya zama ma'aikacin ofis mai farar jallabiyar da ba ta taɓa sanin datti ba. Ƙanwarsa Mastura ce ke tsugunawa a bakin shago tana kallo. Uban bai taɓa koya mata komai ba. In ta miƙa hannu sai ya ce, "Uwata, tashi ki shiga ciki, wannan ba aikin mata ba ne." Uwata yake ce mata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Takan tashi ɗin, ta zaga ta baya, ta leƙo ta taga. Da ido ta sace sana'ar, taurin kan ma ba ta bar masa shi duka ba.

Mahaifiyarta, Latifatu, ta rasu shekara takwas da suka wuce. Bayan nan aka shiga shekarar rusau, aka shafa wa gidajen layinsu jan fenti, maƙwabtan shekara arba'in suka watse kowa ya kama gabansa. Mastura, wadda aurenta ya daɗe da mutuwa, ta samu ɗaki a unguwar Ammariyya. Nuraddeen ya ɗauki tsohon ya kai shi gidansa a Safa, hawa na huɗu, gida mai kyau ba laifi. Wata bakwai Malam Na'ibi ya yi a can, kuma duk wanda ya gan shi a watannin nan ya san ana rasa shi a hankali. Sai ya wuni a kujera yana kallon rufin motoci. Jikoki in ya yi musu Hausa su amsa da Larabci su ruga. Ya daina cin abinci sai an matsa masa. Ya daina gardama, kuma wannan ne ya fi tayar wa Mastura hankali.

Wani tsohon abokin cinikinsa, Abu Turki, shi ya fid da shi. Yana da istiraha a hanyar Usfan, arewa da gari, wani katangaggen fili da iyalinsa ke zuwa hutawa lokacin sanyi, yana kuma neman dattijon da zai zauna a ciki don kada a ce ba kowa. A gefen filin akwai karafan, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa sahara, da gadonsa da banɗakinsa da mukayyif a kan rufi. An daɗe da daina jansa, an ɗora shi kan bulo an ja masa wuta. Ranar da Malam Na'ibi ya taka filin nan, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce kuɓewa zai shuka. Aka yi masa dariya. Kafin shekara ta zagayo ga kuɓewa, ga yakuwa, ga zogale ya fi shi tsawo, ga awaki biyu da ya raɗa wa sunayen tsoffin maƙwabtansa don ya samu na zagi. Kumatunsa suka dawo, gardamar ma ta dawo.

Sai Yulin bana. Direban tankar ruwa ne ya same shi da azahar a kwance a ƙasan karafan bai san inda kansa yake ba, ɗakin kamar tanda. Kwana biyu ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce ƙodarsa ta sha wuya, in aka maimaita shi ba zai yi alkawarin komai ba. Abin haushin, da aka je aka duba mukayyif ɗin lafiyarsa ƙalau. Tsohon da kansa yake hawa ya wanke shi duk wata. Kunnawa ce kawai ba ya yi, sai in ya ji ƙarar motar 'ya'yansa a bakin ƙofa. Ashe da jiƙaƙƙen tawul ya ƙetare bazara biyu ba wanda ya sani.

"Halas, shi ke nan, ya Mastura," in ji Nuraddeen a barandar asibiti. "Wasan ya ƙare. Jibi zan tafi Riyad aiki, sati biyu. Ranar da na dawo zan je da mota in kwaso shi, da shi da tabarmarsa. Awakin a yanka."

"Yaya, ka manta yadda ya koma a gidanka?"

"Na gwammace in gan shi a rame kan kujera da in je in tarar da gawa. Ke za ki bar aiki ki tare a Usfan kina kunna masa? Ko ni?"

Nuraddeen ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki, kuma Mastura ta san haka. Amma ta kuma san cewa hawa na huɗun nan, in tsohon ya sake shiga, a makara zai fito. Tana tsaye tana neman abin cewa, sai ta tuna wata mata, Ghada, da ta zo lalle makon da ya wuce. Hannu ɗaya na bushewa, da ɗayan ta latsa jawwal ta kunna mukayyif ɗin gidanta daga kan kujerar mashgal, har tana nuna wa mutane lambar zafin falonta.

"In na sa ka riƙa ganin zafin ɗakinsa a jawwal ɗinka fa?" in ji Mastura. "Duk lokacin da ka duba ka gani da idonka. In ya kashe, ka sani nan take."

"Wa zai haɗa miki? Wane mai gyara ne zai je har Usfan a wannan zafin, ya tsaya Baba na koya masa aiki?"

"Ni."

Ya kalle ta, ya kalli lallen hannunta, ya yi 'yar dariyar da ta daɗe tana ba ta haushi. "Ɗayyib, na yarda. In na dawo na ga lambar ƙasa da talatin kullum azahar, na bar shi. In ba haka ba, yalla, sai tafiya, kuma ba na son kuka."

Abin da za ta sauya ba babba ba ne a ido. Tarmostat ne, ɗan akwatin nan na bango da ke auna zafin ɗaki, ya tayar da mukayyif in zafi ya hau, ya kwantar da shi in ya sauka. Na karafan ɗin tsoho ne mai ɗan maɓallin turawa. Sabon da ta saya mai gilashi ne, yana magana da jawwal ta intanet, intanet ɗin kuwa akwai shi a filin saboda kyamarorin Abu Turki. Ranar hutun mai lalle Litinin ce, don ƙarshen mako na amare ne. Litinin biyu ke nan gare ta kafin Nuraddeen ya dawo.

Litinin ta farko ta kama hanya bayan asuba a 'yar tsohuwar motarta. Ta tarar da Malam Na'ibi, wanda ya ƙi zama ko'ina bayan asibiti wai awakinsa na jin yunwa, yana ba kuɓewa ruwa. Ta gaishe shi, ta nuna masa kwalin sabon tarmostat ɗin. Ya juya shi, ya karanta bayansa da gilashinsa mai ƙafa ɗaya, ya mayar mata.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa ya harɗe ƙafa.

Duk wanda ya san Malam Na'ibi ya san wannan addu'ar ba ta alheri ba ce. Mastura ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kwance tsohon tarmostat, wayoyi biyar suka leƙo daga bango: ja, shuɗi, rawaya, kore da ruwan toka. Ta riga ta kalli bidiyon haɗawa ya fi sau goma a daren da ya wuce, kuma launukan sun yi daidai da na mutumin bidiyon, sai ranta ya yi fari. Ta saka kowace a raminta ta ɗaure. Gilashin ya yi ɗan haske ya mutu. Ta kwance ta sake. Ya ƙyafta ya mutu. A karo na uku zufa ta shiga idonta, jar waya ta goga shuɗiya, aka ji ƙas. Fitilar rufi ta ɗauke, ɗan firjin da ke gunaguni a kusurwa ya yi tsit.

"An gama?" in ji tsohon daga ƙofa.

Kunya da haushi suka taru suka rufe ta. Ta zo gyara, ta kashe masa har abin sanyaya ruwan sha. Ta mayar da tsohon tarmostat wurinsa, ta gano fiyus ɗin da ya ƙone a akwatin ƙarƙashin gado, ta tsaya riƙe da shi don ba ta zo da wani ba. Malam Na'ibi ya tashi a hankali, ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya tona cikin kusoshi ya zaro sabo ya ajiye mata a kan gado. Ba a hannu ya ba ta ba.

"Karafan ba gida ba ne, Uwata," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma wajen awakinsa.

Washegari kafin aiki ta shiga shagon Bilal a Ammariyya, wani Bahaushen Sudan mai sayar da kayan wutar mota. Shi ya warware mata zancen. Wayoyin bangon karafan wutar batir ke bi ta cikinsu, bolt goma sha biyu, irin ta mota. Tarmostat ɗin da ta saya kuwa na gida ne, bolt ashirin da huɗu yake ci, kuma wata irin wuta daban. Launin wayoyin ne kawai ya yi kama. Ita da ta tashi cikin mukayyif ɗin gidaje, bai taɓa zo mata a rai cewa ɗaki ɗaya zai iya zama da wuta iri biyu ba.

"Akwai hanya," in ji Bilal. "Ƙaramin taransifoma ya ciyar da tarmostat ɗin da wutarsa. Sai rile biyu, su ne 'yan aike: tarmostat ya taɓa su, su kuma su buɗe wa wutar batir hanya, ɗaya zuwa fanka, ɗaya zuwa kwamfaresa mai kawo sanyin. Wutar biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Amma ya ukhti, ki samu wani namiji ya..."

"Zana mini," ta ce.

Ya zana mata a bayan kwali. Sati guda kwalin nan yana cikin jakarta. Tsakanin amarya da amarya ta fito da shi ta bi layukan da farce. A ɗakinta ta haɗa komai a kan faranti, ta sa ƙananan ƙwayayen fitila biyu a madadin fanka da kwamfaresa, ta yi ta gwadawa har suka riƙa kamawa a kan umarni. Kullum da azahar kuma sai ta kira tsohon ta tambaye shi ko ya kunna, ya ce mata "To," irin to ɗin da ba e ba ce ba kuma a'a ba.

Ranar Lahadi ta lura kwalin ya fara yagewa, tawadar ta jiƙe da zufa. Ta tuna yadda cikin karafan yake, hannu biyu duk a aiki, ba wurin ajiye takarda, ido na cika da gumi. Sai ta ɗauki ledar lallenta mai tsinin baki, ta naɗe hannun riga, ta zana taswirar gaba ɗaya a cikin hannunta na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa: taransifoma, rile biyu da ƙafafunsu, kowace waya da harafin launinta. Abokan aikinta suka taru suna tambaya ko sabon yayi ne. Ta ce musu e, na Usfan ne, ba kowace amarya ke iya ɗaukarsa ba.

Litinin ta biyu ta fi ta farko zafi tun da hantsi. Ta kashe babban makunni, ta cire fiyus, ta auna kowace waya da mita kafin ta taɓa ta. Ta huda allon kabad ta ɗaure taransifoma a ciki, ta jera rile biyun a gefensa, ta ja wayoyi ta bayan bango da ƙarfen rataye kaya da ta miƙar. In ta rikice sai ta juya hannu ta duba. Malam Na'ibi na kan kujerarsa a bakin ƙofa yana jan carbi, yana yi kamar awaki yake kallo. Wajen sha ɗaya da rabi ta gama, rigarta sharkaf. Ta yi bisimilla ta mayar da wuta.

Gilashin ya kama, ya tsaya. Ya nuna arba'in da biyu. Ta latsa sanyi. Rile na farko ya yi ƙyas, fanka ta tashi tana hura iska mai zafi. Ta jira ƙyas na biyu. Shiru, sai wata 'yar alama da ke ƙyaftawa a kusurwar gilashin. Ta ɗan ƙara jira, ta kashe wuta, ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kunna. Fanka kawai. Ta kashe, ta sauya rile na biyu da na ajiya, ta kunna. Fanka kawai.

Ta kashe wuta, ta zauna a ƙasa, sukundireba a cinya. Jibi Nuraddeen zai sauka. Kuma a zaunen nan ne ta yarda da abin da ta yi sati biyu tana kauce wa: ko da abin ya yi aiki, tsohon nan zai iya sauke babban makunni tun motarta ba ta kai titi ba. Na'ura za ta gaya mata zafin ɗakin, amma ba za ta riƙe masa hannu ba.

"Baba," ta ce ba ta juyo ba, "me ya sa ba ka kunnawa?"

"Wutar mutane ce. Amana aka ba ni."

"Na kira Abu Turki. Ya rantse da Allah in ba ka kunna ba shi ka ci wa mutunci."

"Sanyin na shiga mini ƙashi."

"Shekara talatin da biyar kana tsayawa a gabansa kana auna shi da fuskarka. Bai shiga ba sai yanzu?"

Carbin ya tsaya. Ya juya ya kalli zogalensa.

"Da fanka ɗaya na zauna da mahaifiyarki a ɗakin nan na Hindawiyya," ya ce. "Duk shekara in bazara ta matso sai in harhaɗa wani tsohon mukayyif in ce mata wannan namu ne. Sai wani ya zo yana magiya, matarsa ta haihu, ko tsohuwarsa ba lafiya. In goya in kai masa. In dawo ta ce ba komai Malam, Allah ya kai mu baɗi. Shekarar da ta kwanta, a irin watan nan ne. Ina saman benen wani ina gyara masa na ɗakin baƙi aka kira ni." Ya share fuska da tafin hannu. "Na sanyaya rabin gidajen Jidda, Uwata. Yanzu in kunna wannan in miƙe ƙafa ni kaɗai? In na yi sai in ji kamar na ci abinci na hana ta."

Tausayinsa ya kama Mastura har cikin ƙashi. Amma tausayi ne ya bar shi bazara biyu da jiƙaƙƙen tawul, don haka ta haɗiye nata ta juyo ta fuskance shi.

"Na sani, Baba. Ni ke mata fifita da kwali ranar. Ba ta ambace ka da komai ba sai tambayar ko ka ci abinci. Amma shekara takwas kana ɗauke da wannan kayan, ka ga yadda ya yi da kai. Yanzu so kake ka sauke mini shi a ka? A kira ni ina zana wa 'yar wani lalle, a ce an tarar da kai a nan, ga mukayyif lafiyayye a kan rufi, ga ni da hannuna? Wallahi ba zan ɗauka ba. Ko ka taimake ni, ko ka zauna nan ka kalle ni ina kwancewa ina ɗaurawa har magariba. In na faɗi kai za ka kai ni asibiti."

Ta miƙe ta sa sukundireba a kan dunƙulen wayoyin za ta warware komai ta faro daga farko.

"Kar ki taɓa."

Ya taso, ya shigo cikin zafin, ya gyara gilashinsa. "Miƙo hannun."

Ta miƙa. Ya riƙe wuyan hannunta, ya bi jan zanen da yatsansa mai kaushi, daga taransifoma zuwa rile, daga rile zuwa rawayar waya. Ya buɗe kabad ya leƙa, ya ja kowace waya ya ji ƙarfin ɗaurinta, ya sake komawa kan hannun.

"Wa ya ɗaure waɗannan?"

"Ni mana, Baba. Kana zaune."

"Babu kuskure," ya ce, kamar an tilasta shi. "Ko ɗaya. Laifinki gaggawa. Duk na'urar kirki ba ta tayar da kwamfaresa da zarar an ba ta wuta, sai ta jinkirta mata minti biyar don kada ta ƙone. Wannan abin mai ƙyaftawa ce miki yake ki jira. Ke kuma minti biyu kike yi ki kashe, lissafin ya koma farko. Sau uku ina ƙirga miki."

"Kana gani ka yi shiru?"

"Ba ki tambaye ni ba."

Ta mayar da wuta. Ya ciro agogonsa ya riƙe a tafin hannu, suka tsaya su biyu a ɗan ƙuntataccen ɗakin, fanka na watsa musu iska mai zafi. Minti uku ya wuce, hannunta na ƙaiƙayin kai wa makunni, ya harare ta. A na biyar rile ya yi ƙyas, rufin ya ɗan girgiza, kwamfaresa ta ɗauka da gurnaninta. Malam Na'ibi ya ɗaga fuska wajen ramin iskar ya lumshe ido, yadda ya yi a dubban ɗakunan mutane.

"Gas ɗinsa cike yake," ya ce. "Ni na cika."

Sai aka shiga ciniki. Ita ta ce ashirin da huɗu, shi ya ce talatin da biyu, wai shi ba nama ba ne da za a sa a firji. Suka yi ta ja har aka kira la'asar, aka tsaya a ashirin da takwas. Bai yi mata alkawarin komai ba, ita ma ba ta nema ba, don ta san alkawarin da aka matsa wa Malam Na'ibi ya yi ba ya kwana.

Nuraddeen ya sauka ranar Laraba. Mastura ta saka masa manhajar tarmostat ɗin a jawwal ɗinsa a bakin ƙofar gidansa. Ya kalli lambar, ya ce ai jiya-jiya ne, tsohon na jin nauyinta ne kawai. Zai sa ido sati guda. Ranar da abin ya nuna an kashe, ko sau ɗaya ne, ba zai kira ta ba ma, mota kawai zai tayar.

Ranar Alhamis mashgal ya cika maƙil. An ce zafin waje ya kai arba'in da biyar. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi Mastura na tsakiyar ƙafar wata amarya, jawwal ɗinta ya yi ƙarar da ta ware wa karafan kaɗai. Ta ƙarasa furen da take kai don ba a barin lalle rabi, ta goge yatsu, ta ɗauka tana addu'ar kada ta ga abin da take tsoro.

Ba a kashe ba. Saƙon cewa yake an sauya lamba daga jikin bango, da hannu: daga ashirin da takwas zuwa ashirin da bakwai.

Kafin ta gama karantawa saƙon Nuraddeen ya shigo. "Ke kika rage?"

"Ba ni ba ce," ta rubuta.

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe abin da ya turo shi ne, "Ranar Juma'a zan kai masa dusar awaki."

Mastura ta ce wa amaryar ta ɗaga ƙafa kada ta taka komai, tana zuwa. Ta shiga ɗan ɗakin ajiyar tawul ta turo ƙofa, ta yi kukan da ta hana kanta tun barandar asibiti, na farin ciki da na kewar uwarta a haɗe. Sannan ta wanke fuska ta fito, don saura ƙafa ɗaya.